Babi na Shida: Ɗakin da Za Ka Yi Aiki Shi ke Zaɓar Maka Lens

Yawancin masu shiga sana'ar bidiyo a kan gangar jikin kyamara suke ƙarar da jarinsu. Mutum zai yi watanni yana bin labarin Sony A7 III ko Canon R6, ya haddace ƙarfin batir da yawan fiksel, ranar biyan kuɗi kuma sai ya ce wa mai shago, "Haɗa min da kowane lens, daga baya na canza." Wannan "daga baya" ba ta cika zuwa da wuri ba. Ni a ganina an juya lissafin ne. Bodi yana tsufa da sauri, domin duk bayan 'yan shekaru kamfani zai fito da wanda ya fi shi, farashin naka ya faɗi. Lens kuwa ba ya jin shekaru haka. Canon ta fito da bakin EF a 1987, kuma lens ɗin da aka ƙera masa a shekarun 1990 yana hawa R6 a yau ta hanyar adafta, otofokas ɗinsa na aiki. Kyamarar bidiyon wancan zamani fa? Babu wanda zai karɓi aikin biki da ita yanzu, ko da kyauta aka ba shi.

Kafin a zo ga lambobin da ke jikin lens, sai a fara da bakin kyamara, wato zoben ƙarfen da lens ke ɗauruwa a kansa. A tsohuwar DSLR akwai madubi tsakanin lens da sansa, kuma dole a bar masa filin da zai ɗaga ya sauka. Shi ya sa tazarar da ke tsakanin bakin EF da sansa ta kai milimita 44, ta Nikon F kuma 46.5. Da Panasonic ta fitar da Lumix G1 a 2008 babu madubi a cikinta, sai wannan fili ya zama ba shi da amfani. Bakin Sony E milimita 18 ne kawai daga sansa, Canon RF 20, Nikon Z 16. Ragowar tazarar ita adafta ke cikewa, saboda haka kusan duk wani tsohon lens yana iya hawa kyamara mara madubi. Akasin haka ba ya yiwuwa: lens ɗin RF ba zai hau 5D ba har abada.

Wannan ya sa zaɓen bodi ya zama zaɓen kasuwar da za ka riƙa ci nan gaba. Sony ta buɗe wa wasu kamfanoni bayanan bakinta tun 2011, shi ya sa Sigma da Tamron da Samyang da Viltrox suka cika kasuwa da lens masu sauƙin kuɗi na bakin E. Canon ta riƙe nata bakin RF gam, sai a 2024 ta bar Sigma da Tamron suka fara yi wa ƙananan kyamarorinta masu sansar APS-C. Amma mai Canon yana da wata ƙofar: tsofaffin lens na EF sun yi yawa a hannun masu hoto a Kano da Kaduna da Jos, kuma adaftar Canon ba ta rage musu komai. Wanda ya kamata ya yi hattara shi ne mai M50. Kyamara ce mai kirki da ta koya wa matasa da yawa aiki, sai dai Canon ta daina ƙera sababbi a bakin EF-M, kuma lens ɗin wannan baki ba ya hawa RF. In M50 gare ka, sayi lens na EF ka ɗaura da adafta, ranar da ka sauya bodi sai ya bi ka.

Lambar farko da ido ke faɗawa a kai ita ce ta milimita: 24, 35, 50, 85. Ƙaramar lamba tana kwaso wuri mai faɗi, babba tana jawo abu kusa ta matse gefe. Kowa ya san wannan. Abin da ake mantawa shi ne lambar ba ta da ma'ana sai an san girman sansar da ke bayanta. Cikakkiyar sansa, irin ta A7 da R6, faɗinta milimita 36 ne, tsayinta 24. Ta APS-C ƙarama ce, sai ka ninka lambar lens da 1.5 a Sony da Fujifilm da Nikon, ko 1.6 a Canon, kafin ka san abin da za ka gani. A kyamarori irin su Panasonic GH5 da Blackmagic Pocket 4K kuwa ninkin kusan biyu ne.

Yanzu mu shiga ɗaki. Ɗakin da aka saba ginawa a gidajenmu ƙafa goma sha biyu ne kowane ɓangare, wajen mita uku da rabi. Cire wurin kujera, cire wurin da kai da ƙafar kyamararka za ku tsaya, da ƙyar ka sami mita uku tsakaninka da wanda kake ɗauka. Lissafin mai sauƙi ne: ninka faɗin sansa da nisan da kake tsaye, ka raba da lambar lens. Lens na 50mm a cikakkiyar sansa, daga mita uku, zai ba ka faɗin mita biyu da 'yar ɗoriya, wato mutum biyu a kan doguwar kujera. Ɗora shi a kan Canon mai APS-C, faɗin ya koma mita ɗaya da kusan sulusi. Ɗora shi a M50 ka kunna 4K, inda kyamarar ke ƙara yanke tsakiyar sansa, sai ka tarar ko mita ɗaya ba ka samu ba: kai da kafaɗun mutum ɗaya, bayanka kuma ya riga ya manne da bango. Lens ɗin nan na 50mm f/1.8 shi ne wanda kowa ke ba sabon shiga shawarar saye saboda araharsa, kuma lens ne mai kyau. Amma wanda aikinsa ɗaukar kamu ne a tsakar gida mai cike da mata, ko wasan barkwanci a ɗakin haya, da ƙaramar sansa, zai saye shi ya ajiye. A irin wannan wuri 16mm ko 23mm yake bukata, ko 24 zuwa 35 in sansarsa cikakkiya ce.

Ka kuma duba takardar kyamararka, domin yankan nan ba M50 kaɗai ke yinsa ba. Canon 5D Mark IV da EOS R ta farko suna yanke kusan 1.7 a 4K. Sony A7 IV tana komawa girman APS-C in ka nemi 4K mai hoto 50 ko 60 a daƙiƙa, wanda shi ake bukata don rage gudun motsi a rawar biki. Kunna maganin girgiza na lantarki shi ma yana cin gefe.

Faɗi kuma yana da nasa haraji. Ba lens ne ke lalata fuska ba, kusanci ne. Sai dai lens mai faɗi shi ke tilasta maka matsowa in kana son fuska ta cika hoto. Ka matso rabin mita da 24mm, hanci zai yi gaba, kunnuwa su ja baya, goshi ya kumbura. Wanda ya tsaya a gefen hoton 16mm kuma sai ya fito da faɗin da Allah bai ba shi ba. Amarya za ta yafe maka duhu, ba za ta yafe maka wannan ba. Don fuska, ja baya mita ɗaya da rabi zuwa biyu, ka sa abin da ya kai 50 zuwa 85 a lissafin cikakkiyar sansa. Don lalle da zobe da aikin wuyan babbar riga, duba mafi kusancin nisan da lens ke iya kama fokas. Yawancin 85mm ba sa kamawa a ƙasa da santimita 80, alhali Tamron 28-75mm yana kamawa a santimita 19 in yana kan 28.

Lamba ta biyu ita ce mai harafin f, girman ƙofar da haske ke bi. Ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Daga 1.4 zuwa 2, zuwa 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, 22, kowane mataki yana raba hasken gida biyu ya zubar da rabi. Babbar ƙofa tana taimako a duhu, tana kuma dusar da bayan mutum. Wannan dusashewar ce ta zama cuta a cikin sana'ar nan. Tun da Canon 5D Mark II ta fito a 2008 ta sa hoton babbar sansa ya iso hannun talaka, aka ɗauka duk bidiyon da bayansa ya narke shi ne "kamar fim". Sai ka ga yaro ya bar lens a 1.4 tun safe har dare.

Ga abin da yake saya wa kansa. Lens na 85mm a f/1.4, daga mita biyu, kaurin wurin da ke fita tas bai kai santimita biyar ba. Ido ya fita, kunne ya dusashe. A hoto mai tsayawa wannan ba matsala ba ce, ka ɗauki goma ka zaɓi ɗaya. A bidiyo mutum yana numfashi, yana gyaɗa kai, yana sunkuyawa ya gaida surukai. Ango da amarya suna zaune kafaɗa da kafaɗa, kai kana ɗan gefe, dole ɗayansu ya fita daga fokas, kuma dangin wanda ya dusashe ne za su kira ka. Ko 50mm a f/1.8 daga mita biyu, abin da kake da shi wajen santimita 17 ne. Rufe shi zuwa f/4, ka sami kusan 40, a f/5.6 ka haura rabin mita.

A fim asarar ta fi haka. Furodusa ya biya kuɗin lokeshan, an shirya falo, an rataye labule, an jera kwanuka a kabad, ko an kwashi ma'aikata an tafi cikin kasuwar Kurmi ko gindin Dala, sannan mai kyamara ya narkar da komai ya bar fuska tana yawo a cikin hazo. In an goge baya, Kano da Legas da Dubai duk ɗaya ne. Mai kallo yana sanin ko wane ne mutum ta hanyar abin da ke kewaye da shi: tabarma ce ko kafet, ginin ƙasa ne ko na siminti. Shekara da shekaru ana ɗaukar fina-finan sinima a kan fim mai girman da ya yi kusa da APS-C, kuma galibi ƙofar tana tsakanin 2.8 da 5.6. Stanley Kubrick ya yi amfani da lens na Zeiss mai f/0.7, wanda aka ƙera wa hukumar NASA, a fim ɗinsa Barry Lyndon na 1975, amma don yana son ɗauka da hasken kyandir kaɗai ne, kuma sai da 'yan wasan suka riƙa takatsantsan da motsi don kada su fita daga fokas. Larura ce ta kai shi, ba ado ba.

Ba ina cewa lens mai haske ba shi da amfani ba. A ƙasar da wuta kan ɗauke ana tsakiyar walima, lens ɗaya mai f/1.8 ko f/1.4 a jaka wajibi ne. Ka ɗauke shi a matsayin abin fita kunya da dare, ba wurin zaman dindindin ba.

Da rana matsalar juyewa take yi. A bidiyo ba ka da 'yancin wasa da gudun shota kamar mai hoto. Wutar lantarkin Najeriya da Nijar tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, saboda haka hoto 25 a daƙiƙa muke ɗauka, shota kuma a 1/50, don motsi ya fito yadda ido ya saba, fitilu kuma kada su riƙa ƙyaftawa. To a ranar Kano ta watan Afrilu, da ISO 100 da shota 1/50, ƙofa sai ta kai wajen f/22 kafin hoto ya daidaita. Kana son f/2.8? Mataki shida ne tsakaninsu. In da S-Log3 kake ɗauka, wanda a kyamarori da yawa daga ISO 800 yake farawa, ƙara mataki uku, sun zama tara. Abin da ke cike wannan giɓi shi ne filtar ND, baƙin gilashin da ake ɗaurawa a gaban lens ya rage haske ba tare da taɓa launi ba. Wanda ya sayi lens mai tsada bai sayi ND ba, ko dai ya rufe ƙofa ya rasa abin da ya biya kuɗi dominsa, ko ya ɗaga shota zuwa 1/2000 mutane su riƙa motsi a tsinke. Sayi ɗaya babba, mai milimita 77 ko 82, da zobban ƙari masu araha da za su ɗora ta a kan ƙananan lens. Mai juyawa ta fi sauƙin aiki a biki, amma kada ka murɗa ta har ƙarshe, domin wani duhu mai siffar gicciye kan bayyana a tsakiyar hoto, musamman a lens mai faɗi. Nan ne kuma araha ba ta ado: filta mara kyau tana mayar da farar shadda ruwan ganye.

Tsakanin lens mai zum da kafaffe mai lamba ɗaya, tambaya guda ce ke raba gardama: a aikin nan kana da ikon cewa "a sake"? A fim darakta zai ce kat, a sauya lens, a gyara fitila, a koma. A ɗaurin aure liman ba zai maimaita siga don kai ba, sarki ba zai dawo da doki baya ba, mai jawabi ba zai jira ka buɗe jaka ba. Mai aikin taro zum yake bukata, kuma mai ƙofa tsayayya. Lens ɗin da ke zuwa tare da kyamara, irin 18-55mm f/3.5-5.6, ƙofarsa tana tsukewa yayin da kake jawo abu, har fiye da rabin haske ya tafi, mai kallo yana gani hoto na duhu a gabansa. Wanda aka rubuta wa f/2.8 ko f/4 kaɗai ba ya yin haka. A cikakkiyar sansa, 24-70mm f/2.8, ko Tamron 28-75mm, ko 24-105mm f/4 zai yi maka mafi yawan aikin yini. A APS-C akwai Sigma 18-50mm f/2.8 da Tamron 17-70mm f/2.8. A Panasonic mai ninki biyu, 12-35mm f/2.8.

Akwai wani dalilin da littattafan Turai ba sa damuwa da shi. Kyamara mara madubi, da ka cire lens, galibi sansarta a buɗe take tsirara. Ka yi haka a filin hawan sallah, ko a kowace rana ta hunturu, ƙura ta sauka a kai. A hoto ɗigo ɗaya ne ka goge a kwamfuta. A bidiyo ɗigon yana nan a hoto 25 na kowace daƙiƙa, yana zaune a sararin sama ko a kan farar riga yayin da komai ke motsi, kuma ya fi fitowa in ƙofa ta kai f/11 ko f/16. Duk lens ɗin da zai rage maka yawan cirewa da sawa ya rage maka wannan baƙin ciki. In dole ne ka sauya, kashe kyamara, juya bakinta ƙasa, ka shiga mota ko ɗaki.

Waɗanda suka fara aiki da kyamarar kafaɗa ta kaset suna da wata al'ada: su jawo fuska kusa, su kama fokas, su ja baya, fokas na nan daram. Lens ɗin waɗannan kyamarori an gina shi ne don haka. Yawancin zum na kyamarar hoto ba sa riƙewa; da ka taɓa zum fokas ya gusa, sai otofokas ya bi shi da gudu ya gyara. Saboda haka zum a nan hanyar sauya girman hoto ce tsakanin ɗauka da ɗauka, ba abin murɗawa ana cikin naɗa ba. Wanda aikinsa ke bukatar jawowa a hankali, kamar mai ɗaukar tafsiri ko lacca, ya nemi mai zum na mota irin Sony 18-105mm f/4 G. Wannan lens yana da wata fa'ida ga mai gimbal: ba ya tsawo in an yi zum, don haka ma'aunin da ka wahala ka saita ba ya lalacewa. Nauyi ma abin dubawa ne. Sigma 18-35mm f/1.8 da ya fito a 2013 ya yi suna a wajen masu bidiyo, kuma ya cancanta, amma giram 810 ne kafin a ƙara adafta, alhali 18-50mm f/2.8 giram 290 ne. Bayan awa shida a wurin dina, hannunka zai gaya maka bambancin.

Fokas kansa yana da abubuwa uku da ba a rubuta su a kwali. Na farko ƙara: tsofaffin lens masu motar da aka yi don hoto suna ƙugi da ƙaras-ƙaras, makirufon da ke kan kyamara kuma yana kwashewa. Masu motar STM a Canon, da masu motar layi a Sony da sauransu, shiru suke aiki kuma suna tafiya a hankali ba fizga ba. Na biyu numfashi: wasu lens, in fokas ya tashi daga kusa zuwa nesa, sai hoton ya ɗan buɗe ko ya tsuke kamar an taɓa zum. A hira tsakanin mutum biyu, inda fokas ke kai da komo, abin yana damun ido. Sony ta fara sa gyaran wannan a cikin A7 IV a 2021, amma da wasu lens nata kawai yake aiki, kuma yana yanke gefen hoto kaɗan. Na uku zoben fokas. A yawancin lens na zamani zoben ba ya haɗe da gilashi, saƙo yake aika wa mota, kuma nisan da fokas zai tafi ya danganta da saurin murɗawarka. Ka yi alama a wuri, ka dawo kanta, ka tarar fokas yana wani wajen. Wasu kyamarori suna da saitin da ke mayar da shi mai bin hannu daidai. In taka tana da shi, kunna.

Nan ne lens na sinima ke shigowa, kuma yanzu Samyang da Meike da Sirui da DZOFilm sun sauko da farashinsa. Zoben fokas ɗinsa yana juyawa mai nisa, wasu har digiri 270 ko 300, yana da haƙora don na'urar jan fokas, ƙofarsa tana buɗewa sumul babu ƙas-ƙas, kuma lambarsa T ce ba f ba, wato an auna hasken da ya isa sansa da gaske, don in ka sauya lens hasken fitowa kada ya canza. Duk wannan alheri ne ga tawagar da ke da mutum na musamman mai jan fokas. Yawancinsu ba su da otofokas ko maganin girgiza. Mai aiki shi kaɗai, da kyamara a gimbal yana bin amarya da baya da baya, in ya saye shi ya sayi wahala da kuɗinsa.

Maganin girgiza kuwa sunansa ya bambanta: IS a Canon, OSS a Sony, VR a Nikon, VC a Tamron, OS a Sigma. In bodinka ba shi da nasa a ciki, kamar ZV-E10 ko R50 ko M50, to ka fifita lens mai shi. A dogon lens ba a ma maganar zaɓi. Hawan daushe daga nesa ake ɗaukarsa, kuma 70-200mm ne ke tara dawakai da 'yan lifida su cika hoto kamar babu tazara a tsakaninsu. Mai f/2.8 na Canon EF ya kusa kilo ɗaya da rabi, mai f/4 kusan rabin haka ne a nauyi, ya kuma fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Hawa da rana ake yi. Sayi mai f/4.

Ga mai fim, shawarata ta saɓa wa abin da kasuwa ke so: lens kaɗan, a san su sosai. Daraktan Japan Yasujiro Ozu kusan duk fina-finansa da 50mm ya yi su. Roger Deakins ya ɗauki mafi yawan fim ɗin 1917 da 40mm. Fim ɗin The Creator na Gareth Edwards, wanda ya shiga sinimomin duniya a 2023, da Sony FX3 aka ɗauke shi, kyamara mara madubi da ake samu a kasuwa, kuma galibinsa da lens ɗaya na Kowa mai 75mm. Wanda ya zauna da lens ɗaya yakan kai matsayin da tun kafin ya ɗaga kyamara ya san inda zai tsaya, fitowa da fitowa kuma su yi kama da juna, mai tace hoto ya huta. A shiri mai dogon zango, irin waɗanda suka mamaye Arewa24 da YouTube, inda ake ɗaukar fitowa da yawa a yini, kafaffu uku sun isa: mai faɗi, matsakaici, da na fuska. A APS-C, Sigma 16mm da 30mm da 56mm, dukkansu f/1.4, sun rufe wannan. Ka yi ƙoƙari su fito daga gida ɗaya, domin kowane kamfani da yadda gilashinsa ke karkata launi, kuma a fatar baƙin mutum bambancin ba ya ɓuya.

Tsofaffin lens na hannu su ma hanya ce, musamman ga ɗalibi. Helios 44-2, mai 58mm f/2, an ƙera shi da ɗimbin yawa a tsohuwar Tarayyar Sobiyat, yana hawa kowace kyamara mara madubi da adaftar M42 wadda ƙarfe ce kawai. Zobensa na gaske ne, yana koya wa hannu fokas, yana kuma murɗa bayan hoto wani iri. Greig Fraser ya yi amfani da irin waɗannan tsofaffin gilasan Sobiyat, bayan an sake musu gida, a wasu sassa na Dune: Part Two. Sai dai suna wanke hoto in fitila ta haske su kai tsaye, kuma guda biyu masu suna ɗaya ba lallai su ba da hoto iri ɗaya ba.

Yawancinmu na hannu za mu saya, kuma babu aibi a ciki in an duba. Buɗe ƙofar lens gaba ɗaya, ka haska fitilar waya ta baya ka leƙa ta gaba. 'Yar ƙura ba komai ba ce, kowane lens yana da ita. Abin gudu shi ne zare-zare kamar saƙar gizo, wato fumfuna, da hazo mai kama da tururi a cikin gilashi. Fumfuna tana cin rufin gilashin, kuma kayan da suka daɗe a garuruwan bakin teku sun fi kamuwa da ita. Kai ma in damina ta sauka kada ka kulle lens a jaka cikin kabad, sa shi a roba mai murfi da ƙullin silika. Duba ganyen ƙofa ko akwai maiƙo. Murɗa zum da fokas daga farko zuwa ƙarshe ka ji ko akwai inda ke cijewa. Kalli sukurorin baki, in sun sha sukudireba an taɓa buɗe shi. Sannan ka ɗora shi a kan kyamararka, ba ta mai shago ba, ka ɗauki bango mai rubutu ka ga ko gefe ɗaya ya fi ɗaya fita, alamar ya taɓa faɗuwa ke nan. Ka naɗi minti ɗaya na wani yana tahowa yana komawa, a wuri mara hayaniya, ka saurara da abin kunne, ka kalla a allon kwamfuta ba a ɗan allon kyamara ba. In mai kaya ya ce ba a gwadawa sai an biya, bar masa kayansa.